Tafi Guda na Shinkafa

Ni ba mai rawayar riga ba ne.
Ban aske kai ba, ban bar gida ba.
Shekara talatin ina jan bas
daga Anuradhapura zuwa Vavuniya,
na san ramukan titin nan
kamar yadda harshe ya san giɓi.

Yaƙi ya ci ɗana Jayantha yana da ashirin da biyu.
Aka kawo akwati a rufe, aka ce kada a buɗe.
Tun daga ranar, in fasinja ya yi Tamilanci a bayana
sai sitiyari ya ɗau zafi a hannuna.

Premawathi ce ta fara,
mai sayar da kwakwa a bakin tasha.
Ta girke tukunya a gindin itacen Bo
inda muke kunna wa Buddha fitila,
ta ce duk mai ɗora girki
ta rage tafi guda na shinkafa.
Tafi guda ba ya kawo yunwa, in ji ta,
ba ya kuma korar ta, sai ya sami 'yan'uwa.
Ran da wata ya cika muka zo da fararen kaya,
buhu bakwai na jingine da bango.

Akwai tafkin da kakanni suka haƙa
tsakanin ƙauyenmu da nasu,
laka ta cinye shi muna can muna binne 'ya'ya.
Aka ce za a yashe. Ba ɗan kwangila, ba ladan ko sisi,
shinkafar nan ce za ta riƙe cikin kowa.

Kafin fartanya ta taɓa ƙasa sai mu zauna shiru.
Yi wa kanka fatan alheri, in ji Premawathi,
sannan wanda kake so,
sannan wanda ba ka sani ba,
sannan wanda ba ka iya haɗa ido da shi.
Uku na haɗiye.
Na huɗun ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

A layin kwanduna, mai miƙo mini laka
wani dogo ne, Thevarasa, yatsunsa uku a hannun dama.
Kwana biyar ban ce masa uffan ba.
Rana ta shida kwando ya suɓuce, muka duƙa tare,
hoton Jayantha ya faɗo daga aljihuna.
Ya goge shi da gefen zanensa, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, da gurguwar Sinhala,
tawa sunanta Vasuki,
ni ko akwatin ban samu ba.

Gonarsa na bayan waya mai ƙaya,
takardarta na barci a ofishin filaye.
Muka tafi mu ɗari da 'yan kai, har da Hajara mai ɗinki,
ba kwali, ba ihu, ba jifa.
Mu share harabar ofis da sassafe,
mu ba mai gadi shayi,
mu zauna.
Kwana tara akawu na tsallake ƙafafunmu
yana neman inda zai ajiye idonsa.
Eka biyu aka mayar cikin biyar.
Ukun da suka rage, Litinin muna komawa.

Kada ka ce na warke.
Wani daren na huɗun nan yakan dawo ya tokare ni,
in tashi in zauna a bakin tafki
har balbelu su sauko.

Amma jiya wata tsohuwa da kwandon albasa
ta yi magana daga kujerar baya.
Na gane kalmar: tsaya take nufi.
Na taka birki a hankali,
na sauko mata da kayanta,
na koma na kama sitiyari,
na ji shi da sanyin safiya.